Ko Kun Sani? Kujerar Majalisa da Aka Ciro Daga Kwano

A zaɓen 2017 na Majalisar Wakilan jihar Virginia ta Amurka, mazaɓa ta 94 da ke birnin Newport News ta tashi kunnen doki. Da farko David Yancey na jam'iyyar Republican ke gaba da ƙuri'a 10. Da aka sake ƙirga, Shelly Simonds ta Democrat ta haye da ƙuri'a ɗaya tak. Washegari alƙalai suka amince da wata ƙuri'a da ake taƙaddama a kanta, aka ba Yancey ita, kowane ɗan takara ya tashi da ƙuri'a 11,608.

Ranar 4 ga Janairu 2018 aka jefa sunayensu cikin kwano, aka ciro na Yancey. Ba ƙaramin abu ba ne, domin wannan kujera ce ta bar wa Republican rinjayen 51 da 49. A 2019 Simonds ta sake tsayawa, ta lashe.