Yadda Ake Haɗa Eriyar Waya Mai Zango Uku

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa murɗa rediyo a gajeren zango ya ji ana cewa "mita 19" ko "mita 31". Wannan mita ba ta banza ba ce, tsawon igiyar rediyon ake nufi. A tsakanin manyan tashoshin nan akwai wasu 'yan gurabe da aka keɓe wa masu sha'awar rediyo, wato mutanen da suka sami lasisi daga hukuma suna magana da junansu daga ƙasa zuwa ƙasa, ba don kuɗi ba. Lambar kiran na Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana kuwa 9G. Wasunsu sukan ɗauki rediyo da batir a jaka su hau dutse ko su shiga daji. Irin waɗannan ba su iya ɗaukar dogon ƙarfe, sai waya. Kada ku raina ta. A shekarar 1901 da Marconi ya kama saƙo daga Ingila yana tsibirin Niyufanlan, waya ce ya ɗaga sama da filfilon iska.

Lissafin tsawo

Igiyar rediyo tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka raba 300 da yawan megahaz, ka sami tsawonta a mita. Eriya mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu, wadda tsawonta rabin igiyar ne, ana ba ta wuta daga tsakiya. Amma da yake waya takan nuna kamar ta ɗan fi tsawonta na gaskiya, sai a raba 143 da megahaz maimakon 150. Ga misali:

Megahaz 21.2: mita 6.74, kowane hannu mita 3.37
Megahaz 14.2: mita 10.07, kowane hannu mita 5.03
Megahaz 7.1: mita 20.14, kowane hannu mita 10.07

Me ya sa ake son zango fiye da ɗaya? Domin sararin sama na can ƙoli, wanda yake maido da igiyar ƙasa, yana sauyawa da rana. Da tsakar rana 14 da 21 sun fi kai wa nesa, da dare kuwa 7 ta fi.

Haɗawa

Maimakon eriya uku, sai a yi ɗaya mai gaɓoɓi kamar kara. A nemi wayar wuta ta jan ƙarfe kamar mita 22, da guntayen bututun roba, da 'yan matsi masu bakin kada guda huɗu, da kebul mai om 50, da igiya, da doguwar gora.

A kowane hannu a yanka gaɓa ta fari mita 3.37, ta biyu mita 1.66, ta uku mita 5.04, amma a ƙara wa kowace kamar taƙi guda. A tsakanin gaɓa da gaɓa a sa guntun roba ya riƙe su ba tare da sun taɓa juna ba, sa'an nan a like ɗan matsi da dalma a bakin ɗaya. In ka buɗe duka, kana kan 21. In ka maƙala na fari a hannu biyun, ka koma 14. In ka maƙala duka, ka sauka 7. A tsakiya, zuciyar kebul ta tafi hannu ɗaya, ragar da ta lulluɓe ta kuma ta tafi ɗayan. A ɗaga tsakiyar bisa gora, a ja hannuwan su gangaro kamar jinkar ɗaki, amma kada bakinsu ya taɓa ƙasa.

Daidaitawa

Nan ne aikin yake. Lissafi kusa kawai yake kai mutum, gama tsayin gora da irin ƙasar wurin da robar jikin waya duk suna sauya sakamako. In eriya ba ta dace ba, wani kashi na wutar yakan komo cikin rediyon. Muryarka ta raunana, batir ya ƙare a banza, wani lokaci ma kayan cikin rediyon su ƙone. Ana auna wannan da mitar SWR, ko da 'yar na'urar NanoVNA da ake samu yanzu. In ta nuna 1 abu ya yi daidai, ƙasa da 2 kuwa ba laifi.

A fara da gaɓar ciki, domin ita ce tushen sauran. A nemi inda awon ya fi sauka. In ya sauka ƙasa da inda kake so, wayar ta yi tsawo. In sama ne, ta gajarce. Kashi ɗaya cikin ɗari na tsawo yana kawar da zango kamar kashi ɗaya cikin ɗari. Misali, kana son 14.2 amma ya sauka a 13.9, bambancin wajen kashi 2 ne, sai ka rage santimita 10 a kowane hannu. Ka lanƙwasa bakin wayar ka naɗe tukuna, kada ka yi gaggawar yankewa, gama ragewa ta fi ƙari sauƙi. Kuma duk abin da ka yi wa hannun dama, ka yi wa na hagu.

Gargaɗi

Kada a kafa gora kusa da wayar lantarki. Da an ga hadari ya taso, a cire kebul, a kwantar da gorar. Kada kowa ya taɓa wayar sa'ad da ake watsa magana, tana ƙuna. Watsawa kuma sai da lasisi. Amma wanda bai samu ba tukuna yana iya jona eriyar a rediyonsa na gajeren zango, ya ji da kunnensa yadda tashoshin da ke shiga da ƙyar za su fito sarai.

Ga aiki nan na hutu ga masu son kimiyya. Allah ya ba da sa'a, amin.