Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A wannan wata mun ga ya dace mu tattauna a kan tsaron manyan ma'aikatu, wato irin su ofisoshin jakadanci, barikin soja, gidajen yari da wuraren haƙar ma'adinai. Dalilinmu kuwa shi ne, 'yan'uwanmu da yawa a zangogi da aikin gadi suke ciyar da iyalinsu, kuma ran da tsautsayi ya zo, maigadi ne na farko da zai yi ido biyu da shi. Abin da muka lura shi ne, sau da yawa ana kashe maƙudan kuɗi wajen tsawaita katanga, alhali ɓarakar tana wani wuri dabam.

Ɓaraka ta farko ita ce rashin tazara tsakanin gini da titi. Tun a 1985 wani kwamiti ƙarƙashin Admiral Bobby Inman ya ba gwamnatin Amurka shawarar cewa ofisoshin jakadancinta su nisanci titi da ƙafa 100, kimanin mita 30 ke nan, domin ƙarfin fashewar bam yana raguwa ƙwarai da nisa. Ofishinsu na Nairobi a Kenya bai cika wannan sharaɗi ba, yana tsakiyar gari a bakin mahaɗar tituna, kuma jakadiya Prudence Bushnell ta sha kai kuka a kan haka. Ranar 7 ga Agusta 1998 wata mota ɗauke da bam ta zo bayan ginin. Masu gadi 'yan ƙasar sun ƙi buɗe mata hanyar shiga garejin ƙarƙashin ƙasa, abin da ya ceci rayuka masu yawa. Duk da haka motar ta riga ta matso kusa, ta tashi, mutum 213 suka rasu, akasarinsu 'yan Kenya ne.

Ta biyu ita ce ƙofa. Komai kaurin katanga, dole a bar wurin shiga da fita, kuma nan maƙiyi yake sa ido. An saba a tara masu bincike a ƙofar shiga, a bar ta fita da mutum ɗaya ko biyu. Ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011, wani ɗan ƙunar baƙin wake ya banke ƙofar fita ta ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja, ya kutsa da mota har ɗakin karɓar baƙi, mutum fiye da 20 suka rasa rayukansu. Ƙofar ƙarfe ta gida ba ta tsayar da motar da ta taho a guje. Abin da ke tsayar da ita shi ne turakun kankare ko na ƙarfe da aka kafa da zurfi, da kuma hanya mai lanƙwasa wadda za ta tilasta wa direba ya rage gudu tun daga nesa.

Ta uku, a ajiye mutum a bakin ƙofa ba tare da kayan aiki ko cikakken umarni ba. A Beirut ta Labanon, ranar 23 ga Oktoba 1983, wata babbar mota ta keta wayar shinge ta shige barikin sojojin Amurka, aka rasa mutum 241. Sojojin da ke gadi suna riƙe da bindigogi, amma bisa umarnin da aka ba su, ba a ɗura musu harsashi ba. Kafin su shirya, aikin gama ya gama. To, in haka ta sami soja, ina ga tsoho mai kulki da tocila, wanda ya yi awa 12 a tsaye, ba shi da rediyon kiran agaji, kuma albashinsa bai zo a kan kari ba?

Ta huɗu ita ce dogaro da shinge ɗaya. A ma'aikatar iskar gas ta In Amenas a Aljeriya, 'yan bindiga sun shiga ranar 16 ga Janairu 2013, mutum 40 suka halaka. Binciken da kamfanin Statoil ya sa aka yi ya nuna cewa an jingina tsaron wurin ga sojojin da ke kewaye, ba a yi tanadin cikin gida da zai jinkirta hari irin wannan ba. Haka ma a gidan yarin Kuje kusa da Abuja, ranar 5 ga Yuli 2022, da maharan suka fasa katanga da nakiya, fursunoni fiye da 800 suka fice. Masana tsaro kan ce aikin shinge shi ne ya tona asirin mai zuwa, ya ɓata masa lokaci har taimako ya iso. In ba a gan shi da wuri ba, ko babu mai kawo ɗauki, tsawon katanga ba ya hana komai.

Bayan waɗannan akwai ƙananan abubuwa da ido ya saba da su har ya daina gani: bishiyar da reshenta ya haura katanga, kwatar ruwa da ta bi ta ƙarƙashinta, ciyawar da ta yi tsawo, fitilar da ta mutu ba a sauya ba, da kyamarar da ke ɗaukewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Sai kuma kunya irin tamu, wadda ke hana maigadi bincika motar mai kawo ruwa ko ta babban mutum don an saba da fuskarsa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa masu gadi, duk wanda ya ga ɓaraka ya sanar da shugabanninsa, in da hali a rubuce, ya kuma ajiye kwafi. Ya nemi sanin wanda zai kira in abu ya faru, da minti nawa taimako zai ɗauka kafin ya zo. Sarakunan zango da limamai kuma su taya mu faɗakarwa, cewa tsayar da mota don bincike ba raini ba ne. Allah ya tsare mu baki ɗaya, amin.