“Ruwa Bai Karɓe Shi Ba”: Cuta da Baƙuwar Cima a Tunanin Bahaushe Matafiyi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Panshekara, ko ya yi hulɗa da ma'aikatan masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai, ya san maganar da akan yi idan mutum ya dawo daga wata ƙasa a rame. Ba a cika ambaton sunan wata cuta ba. Abin da akan ce shi ne ruwan can bai karɓe shi ba. Haka aka riƙa faɗa game da makanikin da kamfani ya tura waje koyon gyaran injin saƙa a zamanin da masaƙun Kano ke aiki dare da rana, haka ake faɗa game da alhajin da ya dawo da tari da gudawa, haka nan kuma game da Ba'indiye ko Basine da ya zo aiki Challawa ya kwanta a makonsa na farko. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wannan magana ta fuskar harshe, ta bi sawun tunanin da ke bayanta, sa'an nan ta auna dabarun da Bahaushe ya tanada domin cikinsa a ƙasar baƙunta da abin da ilmin likita ya tabbatar.

Wa ke karɓar wa?

Bari mu fara da jimlar kanta. A duba waɗannan misalai:

(1) Ruwan garin bai karɓe shi ba.
(2) Garin ya karɓe ta, har ta yi ƙiba.
(3) Aure ya karɓe ta.
(4) Abincinsu ba ya riƙe ni.

Aikatau karɓa ɗan aji na biyu ne bisa tsarin Parsons, watau mai buƙatar karɓau, kuma a misalan nan uku na farko mutum ne karɓau. Ruwa, ko gari, ko aure, shi ne aikau. Ke nan a idon Bahaushe matafiyi ba shi ne mai zaɓi ba. Baƙo ne da ya yi sallama a ƙofar gida, wurin da ya je kuwa maigida ne, ya ga dama ya shimfiɗa masa tabarma, ya ga dama ya ƙi. Wannan ya sa babu zargi cikin maganar. Ba a ce ruwan mugu ne ba, tun da ga mutanen garin suna sha suna ƙiba. Ba a kuma ce baƙon ya yi sakaci ba. Jituwa ce ba a samu ba, kuma abincin wani gubar wani.

Kalmar ruwa a nan ta fi abin da ke cikin randa faɗi. Ta haɗa da iskar wuri, da zafinsa ko sanyinsa, da cimarsa. Har ma takan tsaya a madadin kwanan mutum a duniya, shi ya sa akan ce wanda ya tsira daga haɗari yana da sauran shan ruwa.

Misali na huɗu yana da nasa darasin. Bahaushe zai ci burodi da shayi da ƙwai a Landan, da yamma a tambaye shi ya ce yau bai ci abinci ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abinci a wurinsa shi ne mai nauyi, mai zama a ciki, wanda tuwo ne ma'auninsa. Da za a karkasa ƙin cin baƙuwar cima, za a ga harshe ya bambance hawa uku. Wanda ya ce “ba na ci” yawanci addini yake nufi. Wanda ya ce “ba na iya ci” ƙyama yake nufi, kamar wadda mutanenmu da yawa ke yi wa kaguwa da dodon-koɗi da naman da bai ji wuta ba. Wanda ya ce “ba ya karɓa ta” kuwa jikinsa ne ya yanke hukunci. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sauka birnin Guangzhou yakan warware matsala ta farko cikin yini guda, domin Musulmin Sin suna da gidajen abincinsu masu alamar halal. Ta biyu da ta uku su ne ke bin sa har ɗakin kwana.

Guzuri

Amsar da kakanninmu suka ba wannan matsala ita ce guzuri. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja sayen goro, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari waɗanda Paul Lovejoy ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1980, sukan yi watanni a hanya, daga zango zuwa zango, har su shiga ƙasar da doya da ayaba ne cima. Ba za su iya ɗaukar abincin watanni a bayan jaki ba. Saboda haka aka fi ba da ƙarfi ga abin da ke mayar da baƙon abinci ɗan gida: daddawa, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji, da kanwa, da tsamiya. In an sami waɗannan, ko da wane irin gari aka tuƙa tuwo, miyar ta gida ce. Sa'an nan ga abin taɓawa a kan tafiya, kamar kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dakuwa.

Mai karatu zai lura cewa kusan duk abin da aka lissafa an raba shi da ruwa, ta hanyar shanya ko suya. A nan ne hikimar take, domin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa yaɗuwa inda babu danshi. Matan da suka yi wannan tanadi ba su san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma sun san abin da ke kwana da abin da ba ya kwana.

Mahajjatan ƙasa sun fi fatake nisan zango. Hanyarsu ta bi ta Borno, da Wadai, da Darfur, da Kordofan, har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, kuma da yawa sukan yi shekaru suna noma da ƙwadago kafin su tara kuɗin ƙetarawa. Wasu ma ba su ƙetara ba, wasu sun ƙetara ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo asali ne daga jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin lura a nan shi ne cikin irin wannan mahajjaci yakan sauya ne sannu a hankali. Daga tuwon dawa zuwa asidar Sudan ba wata tazara ba ce, ga kuma miyar busasshiyar kuɓewa da su ma suke yi. Har Hausawa suka bar musu tasu gudummawar, watau naman tsiren da ake kira agashe a Khartoum, sunan da ba ya buƙatar fassara ga mai jin Hausa. Tun da jiragen sama suka fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, tafiyar shekaru ta koma ta awoyi kawai. Mutum ya yi kalaci da koko da ƙosai a sansanin alhazai, ya ci abincin dare a Jidda. Ciki bai sami zangon da zai huta ya saba ba.

Mafi daɗewar bayanin da muke da shi cikin Hausa game da teburin Turawa shi ne na Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, wanda J. F. Schön ya rubuta labarinsa ya buga cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya tsaya ya kwatanta yadda suke zama cin abinci da ido irin na mai nazari, kuma ina ganin ɗalibanmu na adabin tafiye-tafiye ba su ba wannan ɓangare haƙƙinsa ba.

Daga ina tunanin canjin ruwa ya fito?

Ba Bahaushe kaɗai ya ɗora laifin ciwon matafiyi a kan ruwa ba. Likitocin Musulunci na farko sun yi dogon bayani a kan abin da suka kira sauyin ruwaye. Ƙusɗa ɗan Luƙa, a ƙarni na 9, ya rubuta risala sukutum a kan kiwon lafiyar mai tafiya aikin Hajji, inda ya yi magana a kan gyaran ruwan sha da kuma kurkunu. Ibn al-Jazzar na Ƙairawan, a ƙarni na 10, ya sa wa littafinsa na magani suna Zad al-Musafir, watau guzurin matafiyi. Ibn Sina ya shawarci matafiyi da ya riƙa cin albasa da tafarnuwa saboda baƙon ruwa, Ibn al-Ƙayyim ma ya ambaci wannan amfani na albasa. Ga wanda ya san yadda littattafan ɗibbu suka yawaita a hannun malaman ƙasar Hausa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi talifi a fannin, ba abin mamaki ba ne a ji tsoho a Panshekara yana gaya wa ɗansa mai shirin tafiya cewa in ya sauka ya fara neman albasar garin. A ganina, a nan ilmin zaure da ilmin tsakar gida suka haɗu har ba a iya raba su.

To, me ilmin likita ya ce? Ya gaskata rabin maganar, kuma rabi mai muhimmanci. Gudawar matafiya, wadda ita ce ciwon da ya fi kama baƙo, yawanci ƙwayoyin bakteriya ne ke kawo ta ta cikin ruwa ko abincin da ya gurɓata, musamman wani jinsi na E. coli. Mutanen gari sun sha haɗuwa da ƙwayoyin wurinsu tun suna yara, jikinsu ya yi garkuwa. Baƙo bai yi ba. Ashe da gaske ne ruwa ɗaya ya karɓi wani ya ƙi wani. Kurkunu ma da ya addabi fatake daga ruwan kududdufi ake shan sa, ba ya kuma fitowa sai bayan kimanin shekara, lokacin da mutum ya manta tafkin da ya sha. Sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi daga Nijeriya.

Inda maganar ta gaza shi ne inda ta sa mutum ya miƙa wuya. In jituwa ce kawai aka rasa, sai haƙuri har a saba. In kuwa ƙwaya ce, tafasa ruwa da wanke hannu da cin abinci da zafinsa suna hana ta. Albasa ba ta kashe ƙwayar kwalara. Kanwa, wadda mutanenmu ke ɗauka maganin kowane ciwon ciki, tana sa zawo, saboda haka ƙara wa mai gudawa wahala take yi. Sabara da bagaruwa suna ɗaure ciki, amma ba sa mayar da ruwan da jiki ya zubar, alhali rashin ruwan nan ne ke kisa. Mafi haɗari ita ce al'adar daina shan ruwa wai don gudawa ta tsaya. Ni kaina na yi wannan wauta a wata tafiya da na yi taron ƙara wa juna ilmi a ƙasar Masar, digirina bai hana ni ba, sai da wani abokin tafiya ya haɗa mini ruwan gishiri da sukari na dawo hayyacina. Haɗin ba wuya: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kuwa aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya yi zafi, magana ta wuce guzuri, sai asibiti.

Akwai kuma cututtukan da ba ruwansu da ruwa. Sanƙarau ta numfashi yake yaɗuwa, cunkoso ne abokinsa. Ya ɓarke a aikin Hajjin 1987, ya sake ɓarkewa a na 2000, dalilin da ya sa hukumomin Saudiyya suka wajabta allurar rigakafinsa ga kowane mahajjaci. Tari da murar da alhazai ke dawowa da su ma daga cunkoson ne.

Shi kansa guzuri ya gamu da shingen da madugu bai sani ba. Ingila da Amurka sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama, ko busasshe ne, saboda haka kilishi da dambu sukan ƙare a kwandon jami'an kwastan. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ta sha gargaɗin maniyyata kada su ɗauki goro. Garin magani da ba shi da suna a jikin ƙullinsa yana iya jawo wa mai shi tsarewa. Mai ciwon sukari ko hawan jini, shi ne ya fi kowa buƙatar guzuri na gaske, watau maganinsa da zai ishe shi har ya dawo, tare da takardar likita.

Ruwan gida

Jimlar da muka fara da ita tana da wata fuska da ba a cika dubawa ba, ita ce ta mai dawowa. Wanda ya tashi a ƙasar sauro yana da wata 'yar garkuwa daga zazzaɓin cizon sauro, amma garkuwar ba ta dawwama sai ana ci gaba da cizon. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu ko biyar a Turai ya dawo da damina, zazzaɓin kan yi masa kamun da ba ya yi wa ƙannensa, sai a ce ya zama Bature, ruwan gida ya daina karɓarsa. Haka kuma wanda ya bar Kano da ƙwayar a jininsa ya kwanta a ƙasar da likitocinta ba su saba ganin cutar ba, wajibi ne ya buɗe baki ya faɗi inda ya fito, domin jinkirin kwana biyu ko uku yana iya zama ajali.

A Panshekara kuwa maganar ta ɗauki wata ma'ana da fatake ba su yi tunaninta ba. Nan ne aka kafa ma'aikatar ruwa ta Challawa tun zamanin Turawa, wadda ta fara shayar da birnin Kano ruwan famfo. Daga baya majemun zamani da masaƙu suka kewaye wurin, dagwalon masana'antun Challawa da Sharaɗa ya riƙa gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi ta rafin Getsi zuwa Jakara, ɗauke da sinadarai irin su kuromiyam da ake jima da shi. Irin wannan ruwa jiki ba ya sabawa da shi kome daɗewar zama, tafasawa ma ba ta raba shi da ƙarfen da ke cikinsa. Manomin da ke ban-ruwan latas da shi, a garin aka yanke masa cibiya.