Gidan Ƙaramar Bindiga Mai Makulli: Amfaninsa da Haɗarinsa

Gidan bindiga mai makulli shi ne kuben da jami'in tsaro ke rataya ƙaramar bindigarsa a ƙugu, wanda aka yi wa wata 'yar sakata ko maɗauri, ta yadda bindigar ba ta fita sai an danna ko an ture wani abu. Aiki biyu ake nema daga gare shi, kuma ba sa ga maciji da juna: ya riƙe bindigar gam idan hannun wani ne ya kai mata, ya kuma sake ta nan take idan mai ita ne ya nema. Kusan duk matsalolin da aka sani game da shi daga nan suka samo asali.

A Najeriya maganar ta fi shafar masu kaki, domin dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. A ƙasar Daura, masu rataya su su ne manyan 'yan sanda, da jami'an kwastan da na shige da fice a iyakar Kongolam, da masu tsaron manyan mutane. Aikinsu kuwa yawanci cikin cunkoso ne. Ranar Hawan Magajiya ko Sallar Gani, ko ranar da kasuwar Mai'adua ke ci, jami'i yakan tsinci kansa kafaɗa da kafaɗa da mutane, hankalinsa na gaba, bindigarsa na gefen da idonsa ba ya kai. Idan aka fizge ta, ko ta tashi bisa kuskure, wanda ke tsaye kusa da shi ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa.

Dukawan da ke ɗinka kuben takobi ga mahayan fada sun daɗe da sanin rabin wannan matsala. Kube idan ya yi sako-sako, takobi zai zame lokacin sukuwa. Idan ya matse da yawa, mahayi zai yi ta kokawa da shi. Sai dai takobi ba shi da kunama. Bindigogin zamani da yawa, irin su Glock da aka fara ƙerawa a Ostiriya a farkon shekarun 1980, ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, don haka duk abin da ya ja kunamarsu, yatsa ne ko bakin riga, za su tashi. Shi ya sa sharaɗin farko ga gidan bindiga shi ne ya rufe kunama ruf, da abu mai tauri wanda ba ya lanƙwasa.

Tsarin auna ƙarfin riƙo da aka fi sani ya fito ne daga Amurka. Bill Rogers, tsohon jami'in hukumar FBI, shi ya ɓullo da gwajin da wani zai kama bindigar ya yi ta fizga ta kowace fuska na daƙiƙa 5, a ga ko za ta fita. Kamfanin Safariland ya sayi kamfaninsa a 1985, ya kuma yaɗa rabon ƙarfin riƙo zuwa mataki na 1, na 2 da na 3. A taƙaice, kowane mataki ƙarin shamaki ne da sai hannu ya kawar kafin bindiga ta fito. Abin lura shi ne ba kowane kamfani ke nufin abu ɗaya da waɗannan lambobi ba, don haka lambar da ke jikin kwali ba hujja ba ce.

Inda aka fi tafka muhawara shi ne a kan wane yatsa ne zai buɗe makullin. Akwai samfurin SERPA na kamfanin Blackhawk, wanda maɓallinsa ke gefen waje, ana danna shi da yatsa manuni. Idan mutum yana cikin natsuwa, yatsan yakan miƙe a jikin gidan, ya sauka a gefen bindiga, nesa da kunama. Amma a firgice lamarin yakan canza. Mutum yakan fara jan bindiga kafin ya danna, sai makullin ya cije. Ya ƙara ƙarfi, ya lanƙwasa yatsa yana turawa ciki, bindigar na suɓucewa sama sai yatsan ya zarce kan kunama, alhali bakinta na kallon cinyarsa. An samu mutanen da suka harbi ƙafarsu ta wannan hanya, har makarantun koyon harbi da dama a Amurka suka hana shiga da shi. Masu kare shi sun ce laifin rashin horo ne. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare, amma kayan da ake ƙerawa don ranar tashin hankali bai kamata ya dogara da natsuwar mai shi ba. Wannan ne ya sa masu horarwa da yawa suka fi son irin da ake buɗewa da babban yatsa, wanda ba shi da wata hulɗa da kunama.

Haɗari na biyu kishiyar na farko ne, wato makulli ya ƙi buɗewa. Maɓallin da ke da rami a bayansa, 'yar tsakuwa ɗaya idan ta maƙale ciki ta isa ta hana shi dannuwa. A wuri irin Daura, mai ƙasa rairayi da ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle ga wanda kokawa ta kai shi ƙasa. Zafin bazara ma, da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, yana da tasa ɓarnar: gidan roba da aka bari cikin mota a rufe yana iya sauya siffa, ya matse ko ya saki. Na fata kuwa gumi da tsufa ke lausasa shi, har bakinsa ya naɗe ciki ya taɓa kunama.

Akwai kuma raunin da ba a cika dubawa ba, wato mahaɗin gidan da ɗamara. Makulli komai kyansa ba shi da amfani idan mai fizga zai iya ɓalle gidan gaba ɗaya da bindigar a ciki. Jabun kaya masu araha a nan suka fi kasawa, haka ma gidan da aka yi wa wata bindiga aka cusa masa wata daban.

Lokacin mayar da bindiga gidanta shi ma yana cikin lokutan da aka fi samun kuskure, domin hankali ya kwanta, an daina lura. Igiyar riga, bakin rigar sanyi ko maɗaurin gidan kansa na iya shiga gaban kunama yayin da ake tura bindigar ƙasa. Ƙa'idar masu horarwa ita ce a cire yatsa daga kunama, a kalli bakin gidan, a mayar a hankali, idan an ji turjiya a tsaya a duba maimakon a danna da ƙarfi. Ana kuma so jami'i ya riƙa karkaɗe ƙurar makullin, ya duba kusoshinsa, ya yi ta atisayen zarewa da bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta, a tsaye, a zaune cikin mota, da kuma a kwance a ƙasa.