Mai Gadin Barcin Tiyata

Da yawa daga cikinmu mun taɓa zama a bakin ɗakin tiyata, carbi a hannu, muna jiran a fito mana da ɗa ko mahaifi. Iyakar saninmu an yi masa allurar barci. To, wa ke tabbatar da cewa barcin bai yi sama-sama ba, bai kuma zarce ƙima ba? Wannan amana ce a wuyan likitan sa barci, wanda ke tsaye daf da kan majinyaci har a kammala aiki.

Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, da William Morton ya sa wani majinyaci barci da sinadarin eta a birnin Boston na Amurka, fannin ke bunƙasa. A yau galibi magunguna iri uku ake haɗawa: mai gusar da hankali, mai kashe zafi, da mai sake tsokar jiki. Na ukun, wanda ya shiga tiyata a 1942 a Kanada, shi ne mai buƙatar sa ido sosai, domin idan maganin barcin ya gaza alhali tsoka na sake, mutum na iya farkawa yana ji, amma ba shi da ikon motsi ko magana.

Saboda haka likita yake sauraron jikin da bakinsa ya yi shiru. Yana duba bugun zuciya da awon jini, yana lura da gumi da hawaye, don sukan nuna cewa jijiyoyi sun ji zafin wuƙa. Wata na'ura tana auna yawan maganin da ke cikin numfashin da majinyaci ya fitar. Wata kuma, inda ake da ita, ana manna ta a goshi tana karanta lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda Bajamushe Hans Berger ya fara ɗauka a jikin ɗan Adam a 1924. Samfurinta da ake kira BIS yana ba da lamba daga 0 zuwa 100, kuma tsakanin 40 da 60 ake son barcin tiyata ya tsaya. Don sanin ko maganin tsoka ya saki, akan aika ɗan lantarki sau huɗu ga jijiyar wuyan hannu, a kalli motsin babban yatsa.

Farkawa ana tsakar aiki abu ne mai wuyar aukuwa. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 2014 ya samu rahoton haka sau ɗaya cikin kusan tiyata 19,000, sai dai ya kai ɗaya cikin 8,000 idan an yi amfani da maganin sake tsoka.

Mu ma muna da namu rabon na wannan amana. Likita yana auna magani ne bisa abin da aka faɗa masa. Wanda ya saba shan tiramadol ko kodin, ko yake shan maganin gargajiya, ko ya taɓa shan wahala a barcin tiyata, kada kunya ta sa ya ɓoye, domin jikinsa ba zai ɓoye ba. Umarnin barin abinci, galibi awa 6 kafin aiki, shi ma kariya ne daga amai ya kwarara cikin huhu.

Ta fuskar ibada, gushewar hankali na warware alwala, kuma malamai da dama na wannan zamani sun tafi a kan cewa wanda aka sa barci ya rama sallolin da suka kuɓuce masa idan ya farfaɗo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu gadin barcinsu da alheri.