Rufin soro: me ya sa yake faɗuwa da damina?

Duk damina labaran jihar Maraɗi cike suke da rushewar gidajen ƙasa, kamar yadda aka gani a 2024, shekarar da tsohon masallacin Damagaram ma ya faɗi. Sau da yawa ɓarnar daga rufi take farawa.

Rufin soro shi ne shimfiɗaɗɗen rufin ƙasa. Magini yana jera azara a kan bango, ya shimfiɗa zana ko kara, ya zuba ƙasa ya daddaɓe, sannan ya kafa indararo don ruwa ya fice. Azarar giginya ta fi ƙarko domin gara ba ta cika cinta ba. A ƙasar Kanan-Bakashe da Mayahi, inda goruba ta fi yawa a kwarin Gulbin Kaba, giginya sai an sayo daga nesa.

Abin da ke kashe soro shi ne kwanciyar ruwa. Idan indararo ya toshe, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta karye. Shi ya sa magabata ke yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Yanzu wasu na shimfiɗa leda kafin zuba ƙasa.

Rufin kwano kuwa ba ya shan ruwa, amma guguwa na yaye shi idan ba a ɗaure katakonsa da bango ba, ga zafi da bazara. Zubin kankare ya fi ƙarko, sai dai kuɗin siminti da rodi ya fi ƙarfin yawancin manoma. A ganina, mai soro ya sabunta yaɓe ya share indararo tun watan Mayu.