LabVIEW: shirin kwamfuta da ake zanawa

Yawancin shirye-shiryen kwamfuta rubuta su ake yi, layi bayan layi. A LabVIEW kuwa zanawa ake yi. Kamfanin National Instruments da ke Austin a jihar Texas ta Amurka ne ya fitar da shi a 1986, a kan kwamfutar Macintosh, domin injiniyoyi masu auna zafi, ƙarfin lantarki ko girgizar inji.

Kowane shiri fuska biyu gare shi. Ta gaba na ɗauke da maɓallai da ma'aunai, kamar fuskar na'urar gaske. A ta baya ake jera ƙananan akwatuna, a haɗa su da wayoyi. Akwati ba ya fara aiki sai duk bayanan da yake jira sun iso ta wayoyinsa, kuma a nan ne wanda ya saba da rubutu yakan yi tuntuɓe. Launin waya ma magana ce: shuɗiya cikakkiyar lamba, mai ruwan lemo lamba mai ɗigo, koriya i ko a'a.

Littafi yana taimakawa wajen koyon LabVIEW, sai dai hoton da ke shafi ba ya motsi. Sai ka zana da hannunka, ka ga kibiyar kunnawa ta karye saboda wata waya ta sauka inda bai dace ba, ka danna kibiyar, ta faɗa maka laifinka. Akwai kuma ɗan maɓalli mai siffar ƙwan fitila. Kana kunna shi za ka ga bayanai na rarrafe a kan wayoyin.

Tun 2020 akwai bugu na kyauta ga mai koyo a gida. Ka buɗe littafin a gefe, kwamfutar na kunne, babi ɗaya a rana ya ishe ka.